Harry Ferguson, Mai Tarakta

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Zuru ya san wuyar noma. Ya ga samari 'yan golmo sun jeru a gonar surukai tun da sassafe, kowa da garmarsa, suna huɗa har rana ta take. Wataƙila kuma ya ga wata jar tarakta ta zo ta gama irin wannan aiki kafin hantsi. A jikin taraktar sau da yawa akan ga an rubuta Massey Ferguson. To, Ferguson ɗin nan sunan wani mutum ne, ga kuwa labarinsa.

An haifi Harry Ferguson ran 4 ga Nuwamba, 1884, a Growell, wani ɗan ƙauye a arewacin tsibirin Ailan, yamma da Ingila. Ubansa manomi ne mai 'ya'ya goma sha ɗaya. Harry ya tashi yana bin dawaki a gona, gama a can dawaki ke jan garma, ba shanu ba. Aikin nan bai kwanta masa a rai ba ko kaɗan. A 1902 ya tafi birnin Belfast wurin wansa Joe, mai gyaran kekuna da motoci, ya koyi aikin inji har ya gwanance. Ran 31 ga Disamba, 1909, ya tashi sama cikin jirgin da ya ƙera da kansa. Tafiyar ba ta yi nisa ba, amma shi ya fara yin haka a ƙasarsu.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya komo da shi gona. Abinci ya yi ƙaranci, sai a 1917 hukuma ta sa shi ya riƙa zaga gonaki yana duba taraktoci. A nan ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Taraktocin zamanin manya ne, masu nauyi da tsada, kuma jan garma suke yi a baya kamar yadda doki ke yi. In garma ta ci karo da dutse ko saiwar itace ta kafe, sai gaban taraktar ya ɗaga sama, ta kife ta baya, ta danne direba. Mutane da dama sun halaka ta haka.

Ferguson ya yi shekaru yana neman maganin abin. Dabarar da ya samo ita ce a haɗa garma da tarakta su zama jiki ɗaya. Ya yi hannuwa uku na ƙarfe a bayan taraktar, biyu a ƙasa, ɗaya a sama, su ke riƙe garmar. In garma ta kafe, hannun sama sai ya tura gaban taraktar ƙasa, ba ta kifewa. Nauyin ƙasar da garma ke juyawa kuma yana danne ƙafafun baya, saboda haka ƙaramar tarakta ma tana kama ƙasa ba ta zamewa. Ya ƙara da famfon mai, wanda direba zai taɓa ɗan ƙarfe kawai garma ta ɗaga ko ta sauka. In kun sami tarakta a tsaye, ku leƙa bayanta, za ku ga hannuwan nan uku, ko da wane kamfani ya ƙera ta.

A 1933 ya gama ta gwaji, aka shafa mata baƙin fenti. A 1938 ya haye teku zuwa Amurka, ya nuna wa Henry Ford, babban mai ƙera motoci, aikin dabararsa. Suka shirya Ford ya ƙera, Ferguson ya sayar. Ba su rubuta kome a takarda ba, hannu kurum suka yi. A ganina nan Ferguson ya yi sake, don da jikan Ford ya karɓi kamfanin sai ya warware shirin a 1947, bayan an ƙera tarakta fiye da 300,000. Ferguson ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har 1952, sa'an nan aka sasanta, aka biya shi dala miliyan 9 da dubu 250.

Kafin wannan kuwa ya riga ya fara ƙera tasa a Coventry ta Ingila. Ƙarama ce, mai ruwan toka, sunanta TE20. Daga 1946 zuwa 1956 an yi fiye da 500,000. Ita ce ta raba ƙananan manoma da yawa da dawaki. Ƙarfin halinta ya kai ga Edmund Hillary ya tafi da guda uku bisa ƙanƙara, ya isa ƙuryar kudu ta duniya cikin Janairu, 1958.

A 1953 ya haɗa kamfaninsa da na Massey-Harris na ƙasar Kanada, daga nan sunan Massey Ferguson ya samo asali. Ya mutu ran 25 ga Oktoba, 1960, yana da shekara 75.

Taraktocinsa masu ruwan toka ba su ƙare ba har yau. A Ingila da Ailan da Ostareliya akwai mutanen da ke nemansu don sha'awa kawai. Mutum ya sayi wadda ta yi shekaru a yashe bayan rumbu, ya kwance injin ɗai-ɗai, ya kankare tsatsa, ya sake mata fenti irin na asali, ya fita da ita gasar huɗa ranar taron manoma. Mu nan makanikanmu ma suna tayar da tsofaffin Massey Ferguson, amma su ba don wasa ba, sai don damina ta matso kuma sabuwa ta fi ƙarfin aljihun manomi.