Kamerlingh Onnes, Mutumin da ya Mayar da Iskar Hiliyam Ruwa

An haifi Heike Kamerlingh Onnes a garin Groningen na ƙasar Holan a shekarar 1853. A 1882 ya zama farfesa a Jami'ar Leiden, inda ya duƙufa neman sanyin da ɗan Adam bai taɓa kaiwa ba. Har makaranta ya buɗe don horar da maƙeran kayan aikin gwaji.

Ranar 10 ga Yuli, 1908, ya mayar da iskar hiliyam ruwa, a sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. A 1911 ya gano cewa a irin wannan sanyi, lantarki na ratsa zaiba ba tare da turjiya ba. Ya sami kyautar Nobel a 1913, ya rasu a 1926, burinsa na ƙera maganaɗisu mai ƙarfi ta wannan hanya bai cika ba.

Sai a bayansa aka cim ma hakan. A 2008 cibiyar CERN ta kunna babbar na'urarta mai tsere da ƙwayoyin zarra, wadda ruwan hiliyam ke sanyaya maganaɗisunta. Abin tsoro a can shi ne zafin da ƙwayoyin ke zubarwa: in ya ɗan wuce kima, turjiya ta dawo, aiki ya tsaya cik.