Kenzo Tange: Bajapanen da ya koya wa kankare halin katako

Duk wanda ya taɓa ratsa tsakiyar Abuja, babban birnin maƙwabciyarmu Najeriya, ya taka aikin wani Bajapane ko da bai san sunansa ba. Kenzo Tange da kamfaninsa ne suka zana fasalin wannan yanki na tsakiyar birnin. Shi ya sa na ga ya dace yau in kawo muku tarihinsa.

An haife shi ranar 4 ga Satumba 1913 a yankin Osaka, ya girma a garin Imabari, ya yi sakandare a Hiroshima. A can ne ya ci karo da zanen Le Corbusier a cikin wata mujalla, daga nan sha'awar zanen gini ta kama shi. Ya shiga jami'ar Tokyo a 1935.

Akwai wani babi na rayuwarsa da masu yabo kan tsallake, ni kuwa ba zan tsallake ba. A 1942, ana tsakiyar yaƙi, ya ci gasar zana ginin da zai ɗaukaka mamayar da Japan take yi wa ƙasashen Asiya. Ya ɗauko siffar daga wurin bautar Ise, ginin katakon nan da ake rushewa a sake ginawa duk shekara 20. Ba a yi ginin ba. Shekara 7 bayan haka, shi ɗin dai ya ci gasar zana dandalin zaman lafiya na Hiroshima, garin da ya yi karatu, wanda bam ɗin nukiliya ya mayar toka a 1945. Hannu ɗaya ne ya yi zanen biyu.

A Hiroshima bai kwaikwayi rufin kakanni ba. Ya ɗora gidan tarihin, wanda aka buɗe a 1955, bisa ginshiƙai, ƙasansa fili fetal, ya jera shi a layi ɗaya da dutsen tunawa da mamata da kangon ginin da bam ya bari. In ka tsaya gaban dutsen ka leƙa ta ƙarƙashin bakansa, kangon za ka hango. Ba ado, ba kwalliya, wurin da kansa yake magana.

To ina al'adar take? A nan gwanintarsa take. Tsohon ginin Japan na kafinta ne: ginshiƙi da gungume a bayyane, awo daidai, ɗaki ba tarkace, baranda tana haɗa ciki da lambu. Tange ya yi nazarin wannan sosai, har ya fitar da littafi kan fadar Katsura ta Kyoto a 1960. Abin da ya ɗauka shi ne awon da tsarin, ya bar katakon. Dubi ofishin gwamnatin lardin Kagawa da ya kammala a 1958. Kankare ne zalla, amma sirara-siraran gungumen da ke tallafe barandarsa sai ka rantse kafinta ne ya fafe su ya harhaɗa.

Ni dai a ganina, zauren wasanni na Yoyogi da ya gina don gasar Olamfik ta 1964 ya fi komai. Ginshiƙai biyu manya, an ja igiyoyin ƙarfe tsakaninsu kamar gadar lilo, rufin ya rataya yana lanƙwasa, 'yan kallo ba abin da ya tare musu gani. Injiniyancin sabo ne fil, amma ɗan ƙasar yana ɗaga kai zai tuna rufin wurin bauta.

Inda ba na tare da shi shi ne manyan mafarkansa na birane. A 1960 ya ba da shawarar a shimfiɗa Tokyo bisa ruwan teku, tituna da gidaje a kan gadoji. Ba a yi ba. Irin wannan tunani na layi miƙaƙƙe da manyan tituna yana burgewa a takarda, amma mai mota ya fi mai tafiya da ƙafa morarsa, kuma wanda ya taɓa neman inuwa da tsakar rana a tsakiyar Abuja ya san abin da nake nufi.

A 1987 ya zama Bajapane na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fagen zanen gini. Ya rasu a Tokyo ranar 22 ga Maris 2005 yana da shekara 91, aka yi jana'izarsa a majami'ar Saint Mary, wadda shi da kansa ya zana.