Abraham Lincoln kafin ya zama shugaban ƙasa: shekara takwas a majalisar jihar Illinois

Yawancinmu mun san Abraham Lincoln a matsayin shugaban Amurka na 16, wanda ya riƙe ƙasar lokacin yaƙin basasa, ya sa hannu a takardar 'yanta bayi a 1863, aka harbe shi a watan Afrilun 1865. Amma kafin wannan duka, ya yi shekara takwas yana ɗan majalisar dokokin jiha, kuma tun a can aka fara ganin tsayuwarsa a kan gaskiya, aka kuma ga kuskurensa mafi tsada.

An haife shi ranar 12 ga Fabrairu 1809 a Kentucky, a gidan talakawa manoma. Zamansa a makaranta duka-duka bai wuce shekara guda ba, sauran karatun da kansa ya yi daga littattafan aro. A 1831 ya sauka a ƙauyen New Salem cikin jihar Illinois, ya kama aikin tsaron kanti. Bayan shekara guda kacal, yana ɗan shekara 23, ya fito takarar majalisar jiha daga gundumar Sangamon. Kujeru huɗu ne, masu nema 13. Sai yaƙin Black Hawk ya ɓarke tsakanin Turawa da 'yan asalin ƙasar, ya tafi a matsayin sojan sa kai, bai dawo ba sai ana gab da zaɓe. Ya zo na takwas, ya faɗi. Sai dai a mazaɓar New Salem, inda ake ciniki da shi kullum, ya samu ƙuri'a 277 cikin 300. Wannan ne kaɗai karon da ya faɗi zaɓen da jama'a suka jefa wa ƙuri'a kai tsaye.

Daga nan ya riƙe gidan waya na ƙauyen, ya kuma koyi awon filaye, aikin da ya zagaya da shi gonaki da ƙauyuka har aka san shi. A 1834 ya sake fitowa, ya zo na biyu, ya shiga majalisa a garin Vandalia, babban birnin jihar na lokacin. Sai da ya ci bashin dala 200 kafin ya ɗinka tufafin da zai shiga da su. An sake zaɓensa a 1836 da 1838 da 1840, a ƙarƙashin jam'iyyar Whig, kuma cikin waɗannan shekarun ne ya zama lauya.

Zangonsa na biyu ya fi kowanne cika da al'amura. Wakilan Sangamon su tara ne, duka dogaye, har ake musu laƙabi da Dogaye Tara, kuma Lincoln ne kan gaba wajen shirya musu dabara. A 1837 suka ci nasarar mayar da babban birnin jiha garinsu, Springfield. A shekarar ce kuma majalisar ta amince da ciwo bashin kusan dala miliyan 10 don shimfiɗa layin dogo da gyara hanyoyin ruwa, Lincoln na cikin masu goyon baya da ƙarfi. Ba a yi nisa ba tattalin arzikin Amurka ya karye. Ayyukan suka tsaya rabi da rabi, a 1841 jihar ta kasa biyan ko kuɗin ruwan da ke kan bashin, talakawa suka yi shekaru da dama suna biyan abin da ba su mora ba. Masu yabonsa kan yi tsallake a nan, mu kuwa muna ganin laifin yana da kasonsa a ciki, domin ya ci gaba da kare shirin har bayan alamun rushewarsa sun bayyana.

Cikin wannan zangon dai majalisar ta zartar da ƙuduri mai sukar masu fafutukar hana bauta, da ƙuri'a 77 a kan 6. Lincoln na cikin shidan. A watan Maris 1837 shi da abokinsa Dan Stone suka shigar da takardar ƙorafi cikin kundin majalisa, suka bayyana bauta a matsayin abin da aka gina kan zalunci. Takardar ba ta nemi a 'yanta bayi nan take ba, ta ma soki salon masu fafutukar. Duk da haka mutum biyu kawai suka yarda su sa mata hannu, a jihar da jama'arta da yawa daga kudu suka yi ƙaura.

Sau biyu ya nemi kujerar kakakin majalisa, a 1838 da 1840, William Ewing na jam'iyyar Democrat yana kayar da shi. A Disambar 1840 har ta taga ya dira don kada adadin mahalarta zama ya cika, ashe an riga an ƙirga da shi, jaridun hamayya suka yi ta masa dariya.

Ya bar majalisar a 1842, ya yi zango ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya daga 1847 zuwa 1849. A wancan zamani 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanatoci, kuma a hannunsu ya sha kaye sau biyu. A 1855 ya fara da ƙuri'a sama da 40, Lyman Trumbull na da biyar, amma da ya ga ɗan Democrat na shirin cinyewa, sai ya umarci mutanensa su koma wa Trumbull, wanda shi ma yake adawa da yaɗuwar bauta. Bayan zaɓen 1858 kuma Stephen Douglas ya kayar da shi da 54 a kan 46.

A 1860 ya ci shugabancin ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un jama'a, aka sake zaɓensa a 1864. Gundumar Sangamon, wadda ta tura shi majalisar jiha sau huɗu a jere, ba ta ba shi rinjaye a ko ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan biyu ba.