Huda Sha'arawi, Jagorar Matan Masar

An haifi Huda cikin 1879, 'yar Muhammadu Sultan Basha ce, wani babban mai gonaki na Minya wanda ya shugabanci majalisar wakilan Masar. Tana da shekara biyar ya rasu. Ta tashi cikin kulle irin na gidajen manya, ta sauke Alƙur'ani tana da shekara tara, amma aka hana ta nahawun Larabci don ita mace ce, ƙanenta kuwa ba a hana shi kome ba. Mu da muka san aikin koyarwa mun san irin zafin da wannan ke yi wa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa.

Tana da shekara 13 aka ɗaura mata aure da ɗan'uwanta Ali Sha'arawi, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Ba a daɗe ba suka rabu har shekara bakwai, ita kuwa ta duƙufa ga karatu cikin wannan lokaci, sa'an nan ta koma ɗakinta.

Cikin Maris 1919, sa'ad da Masar ta tasam ma mulkin Ingilishi, ita ce ta ja gaban matan manya suka fito titunan Alƙahira, fuskokinsu a rufe, sojoji suka tsare su cikin rana. Amma da aka rubuta tsarin mulki na 1923 sai maza suka bar jefa ƙuri'a a hannunsu kaɗai. A shekarar nan ta kafa Ƙungiyar Matan Masar, mijinta kuwa ya riga ya rasu cikin 1922.

To, a nan ne abin da ya fid da sunanta ya auku. Ta tafi taron mata na duniya a birnin Rum cikin Mayu 1923. Da ta komo, ita da Saiza Nabarawi suka yaye ƙyallen fuskarsu a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira, gaban matan da suka zo taryensu. Ya kamata mai karatu ya lura, fuska kaɗai ta buɗe, kanta na lulluɓe, matan ƙauye kuwa da ma ba su rufe fuska a gona. Waɗansu na haɗa wannan da abin da wata budurwa ta yi a Masar cikin 2011, da wata a Tunisiya cikin 2013, da suka watsa hotunansu tsirara don nuna ƙin yadda ake danne mata. Mu dai a ganinmu akwai rata: Huda tana da ƙungiya, da buƙatu a rubuce, da ɗakin shan magani da makarantu da ke shaidarta, shi ya sa gwamnati ta kasa kau da kai.

Cikin 1923 aka yi doka kada a aurad da yarinya sai ta kai shekara 16. Cikin 1929 'yammata suka shiga jami'ar Masar. Ta fito da mujalla da Faransanci cikin 1925, ta Larabci cikin 1937, ta kuma shugabanci taron matan Gabas kan maganar Falasɗinu cikin 1938. Amma takaita saki da auren mace fiye da ɗaya, abin da ta fi nacewa a kai, bai samu ba a zamaninta.

Ta rasu ran 12 ga Disamba 1947. Matan Masar ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1956.