Enrico Caruso: Yaron Makaniki Da Muryarsa Ta Zaga Duniya

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa ƙasar Italiya, inda aka haifi Enrico Caruso a birnin Napoli a shekarar 1873. Sana'arsa ita ce opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rera shi da waƙa. Mawaƙin opera ba ya amfani da lasifika. Dole muryarsa ta ratsa kiɗan gomman makaɗa, ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Shi ya sa ake shafe shekaru ana koyon riƙe numfashi da sarrafa murya.

Caruso ɗan talakawa ne. Yana ɗan shekara 11 aka kai shi koyon aikin makaniki, amma yana waƙa a coci da bakin titi don samun na abinci. A 1891 ya samu malami mai suna Guglielmo Vergine. Da yake ba shi da kuɗin biya, sai suka ƙulla yarjejeniya: malamin zai riƙa karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ya samu, tsawon shekara biyar na waƙa. To amma yaya za a ƙirga shekarun, da kalanda ko da ranakun da ya hau dandamali? Wannan batu sai da ya kai su kotu. Mun san 'yan kasuwa sun fi kowa sanin illar sa hannu a takarda ba a tantance ba.

Ya fara fitowa a 1895, amma a lokacin muryarsa takan karye in ya kai sama. Bai karaya ba, ya koma gun wani malamin, Vincenzo Lombardi, har ya gyara matsalar. A 1900 ya shiga La Scala, babban gidan opera na Milan. A 1902 aka ɗauki waƙoƙinsa 10 a faifan garmaho, aka biya shi fam 100. Faya-fayen nan su suka kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Daga 1903 ya zama tauraron gidan Metropolitan na New York a Amurka, inda ya fito fiye da sau 800.

A watan Disamba na 1920, yana tsakiyar wasa jini ya fara zubo masa daga maƙogwaro, amma ya daure har ya kammala kashi na farko. Ranar 24 ga watan ya yi wasansa na ƙarshe. Ya koma garinsu Napoli, ya rasu ranar 2 ga Agusta 1921, yana da shekara 48.

Fiye da shekara 100 ke nan, amma har yau ɗaliban waƙa na sauraron faya-fayensa suna koyo. Lalle zomo ba ya kamuwa daga zaune.