Fada Maikel Makgibni, Uban Marayu

An haifi Maikel Makgibni a shekarar 1852 a garin Watabari, jihar Kanetikat ta Amurka. Iyayensa baƙi ne daga ƙasar Ayilan. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 13, shida daga ciki sun rasu tun suna ƙanana. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya shiga aiki a masana'antar cokula. Daga baya ya koma karatun firist, amma rasuwar mahaifinsa a 1873 ta kusa tsayar da shi, don babu mai ciyar da gida. An naɗa shi firist a 1877.

A cocin Maryamu Mai Tsarki da ke Niyu Heben ya ga irin halin da gidansu ya shiga yana maimaituwa. Ma'aikaci ya mutu, matarsa ba ta da ko sisi, hukuma ta ɗebe yaran. Saboda haka a 1882 ya tara mazajen cocin suka kafa ƙungiyar Jaruman Kolombus. Tsarinta na wancan lokacin ya yi kama da gudummawar da muka sani a nan Karaye da Rogo, sai dai nasu a rubuce yake, babu mai zamewa: in ɗan ƙungiya ya rasu, kowa ya ba da kasonsa, a miƙa wa matar mamacin.

Ciwon huhu ya kashe shi a 1890, yana da shekara 38. A 1953 Fada Anselm Ojefua ya bi sawunsa, ya kafa Jaruman Mulumba a Anaca. An ayyana Makgibni a matsayin Mai Albarka a 2020.