Alhaji Umaru na Kete-Krachi: malamin da alƙalaminsa ya adana tarihin Hausawa

An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a Kano wajen 1858. A can ya yi karatun allo, sannan ya fita neman ilimi wajen malaman Gobir da Sakkwato. Tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa, a zamanin da sarakuna da fatake suka dogara ga magatakarda mai alƙalamin kara da tawada.

Wajen 1892 ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Yaƙin basasa ya watsa kasuwar garin, sai ya koma Kete-Krachi, wadda take hannun Jamusawa a lokacin, ya zama limaminta.

A nan ya haɗu da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906. Malam Umaru ya rubuta masa da ajami tarihin garuruwan Hausa da al'adunsu, daga aure har zuwa sana'o'i da fatauci, kafin mulkin Turawa ya sauya su. Ya kuma yi waƙoƙi da Hausa da Larabci, har da na zuwan Nasara.

Ya rasu a 1934. Ruwan tafkin Volta ya cinye tsohon garin Kete-Krachi a shekarun 1960, amma ana ajiye da kwafin rubuce-rubucensa da dama a Jami'ar Ghana da ke Legon.